Yadda Fes-Fes Ya Wanke Gidan Kawu

Duk layin babu wanda bai san Fes-Fes mai wanki da guga ba, kuma babu wanda ya tuna sunansa na gaskiya. Shekara talatin yana miƙa wa mutane kayansu yana cewa, "Ga shi nan, fes-fes," har sunan ya bi shi. Shagonsa na ƙasan bene, gidansa na sama, shi kuma kullum yana cikin farar riga mai sitati wadda in ya tuɓe ta za ta iya tsayuwa da ƙafarta. Aikinsa dai babu laifi, a ba shi haƙƙinsa. Bakinsa ne ba shi da birki.

Surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta rasu ta bar kifi guda ɗaya, jan kifin ado mai kumatu, shekararsa goma sha ɗaya a duniya. Kawu ake ce masa, saboda yadda yake turo baki yana kallon mutane kamar wanda aka wuce ba a gaishe shi ba. Tun rasuwar Inna, Kawu yana hannun autanta. Sai ga shi an yi wa Auta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan kwana biyu a mota, kuma nan da mako shida zai tashi. Akwatin gilashin Inna ya tsufa, duk liƙi ne, ɗaga shi kawai ya isa ya tarwatse. Auta kuwa ya yi wa Inna alkawarin ba zai bar Kawu a hannun bare ba. Saboda haka magana ɗaya ce: ko Kawu ya samu sabon gida wurin yayar Auta, wato matar Fes-Fes, ko ya hau bayan babbar mota a cikin bokiti, tafiyar da tsohon kifi ba zai kai ƙarshenta da rai ba.

Matar Fes-Fes ba mai yawan magana ba ce. Amma kifin nan shi ne abu na ƙarshe mai numfashi da uwarta ta bari, kuma tana son sa so na gaske.

"Maganar ruwa ce fa?" in ji Fes-Fes ranar da ta gaya masa. "Uwargida, shekara talatin hannuna yana cikin ruwa. Na san mai zafi, na san mai sanyi, na san wanda ya kwana. In dai ruwa ne, ki koma gefe ki sha kallo. Gidan da zan yi wa Kawu, sai kifayen teku sun rubuto takardar neman haya."

Washegari suka tafi shagon wata dattijuwa mai sayar da kifin ado, mai tabarau a kan hanci da ciwon gwiwa, wadda ake kira Mai Kifi. Fes-Fes ya zaɓi akwatin gilashi mafi girma, da fararen duwatsu, da injin tace ruwa mai soso a ciki.

"Saurara da kyau," in ji Mai Kifi. "Ka cika shi da ruwa, ka ɗiga wannan maganin ya kashe kaifin ruwan famfo, ka kunna inji. Kada ka sa kifi. Kullum ka zuba ɗan abincin kifi kaɗan, ka bar shi ya ruɓe."

"In ciyar da wa?"

"Wasu ƙananan halittu ne, ido ba ya ganinsu. A cikin soson injin suke zama. Kifi yana kashi a ruwan da yake ciki, kashin ya zama guba, su kuma su cinye gubar. Sai sun yi yawa gidan yake zaunuwa. Mako huɗu zuwa shida."

"Wato datti zan yi kiwo."

"Datti za ka yi kiwo. Kada sabulu ya kusanci akwatin nan, kuma kada ka wanke soson." Ta miƙo masa wata 'yar kwalba da maganin gwaji. "Ka ɗebi ruwan a nan, ka sa ɗigo biyar. Da farko zai nuna shuɗi, ƙarya yake yi. Daga baya zai koma shunayya, alamar guba ta taru. Ranar da ya dawo shuɗi da kansa, ranar Kawu zai shiga."

"Baba, mako shida na 'yan koyo ne. Ni mako biyu ya ishe ni."

Mai Kifi ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta dubi matarsa, irin duban da mata ke yi wa juna ba tare da magana ba.

Kafin yamma akwatin ya hau tebur a falo, ruwa garai-garai, inji yana ɓulɓul. Fes-Fes bai iya haɗiye abin shi kaɗai ba. Ya leƙa taga ya kira Mai Aski da ke tsallaken titi, abokin tsokanarsa na shekara ashirin, da Tela, matar da ke ɗinki a shagon da ke jikin nasa. Suka hau suka tarar da shi yana barbaɗa abinci a kan ruwan da babu kowa ciki.

"Ina kifin?" in ji Mai Aski.

"Ba a zo nan ba tukuna. Yanzu halittu nake kiwo."

"Guda nawa?"

"Miliyan."

Mai Aski ya sunkuya, ya manna hanci a gilashi, ya daɗe yana kallo. "Lallai kuwa. Amma wancan na kusa da dutse ya rame, ka ƙara masa abinci."

Tela ta rusuna ta ce wa akwatin, "Sannunku da ruwa."

"Ku yi dariyarku," in ji Fes-Fes. "Ilimi ne, ba kan mutum ba ne da za a bi da almakashi."

Daga ranar gaisuwar layin ta canza. Duk wanda ya kawo wanki sai ya ce, "Ya aiki? Ya iyali? Ya miliyan?" Shi kuma ya amsa da gaske, "Suna nan suna ƙiba."

A kwana na biyar ruwan ya yi hazo, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Aka yi rashin sa'a Mai Aski ya hau karɓar tawul ɗinsa, ya gani.

"A'a! Fes-Fes, ashe kai ma ruwanka yana dauɗa?"

Wannan magana ta shiga Fes-Fes har ƙashi. Matarsa na fita kasuwa ya kwashe ruwan tas, ya tattara duwatsun a bokiti, ya sauka shago ya juye su cikin injin wanki, ya zuba garin sabulu ludayi uku, ya murɗa. Abin da ya biyo baya, layin bai taɓa jin irinsa ba. Injin ya fara ruri, ya kama tsalle, ya bar mazauninsa ya nufo ƙofa yana aman kumfa. Tela ta fito a guje da igiyar awo a wuya tana salati, ta zaci benen ne ke rushewa. Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, bayansa wani mutum da rabin kai a aske. Suka tarar da Fes-Fes ya rungume injin kamar mai raba faɗa, muryarsa na karkarwa yana cewa, "Ba-ba-babu komai! Haka ya-yake yi!"

Soson kuwa ya wanke shi, ya matse, ya ga ya ɗan tattare, sai ya ɗora masa dutsen guga. Rabi ya narke ya manne, rabi ya yi hayaƙi.

"Hazon nan alamar sun fara haihuwa ne," in ji Mai Kifi lokacin da ya koma sayen sabon soso. "Ruwa ba ya tsami banza. Da ka bari, kwana biyu zai washe. Ka kashe su."

"Duka miliyan ɗin?"

"Har jikoki."

Da yamma Mai Aski da Tela suka shigo shago fuska a sunkuye, suka zauna a benci. Can Mai Aski ya ce, "Mun ji abin da ya faru. Rashi irin wannan, a rana ɗaya. Allah ya ba da haƙuri."

Saura mako biyar. Matarsa ta ce masa, "Malam, don Allah. Ba na roƙonka ka yi komai. Roƙonka nake kada ka yi komai."

"An gama, uwargida. Hannuna ba zai sake taɓa ruwan nan ba."

Kuma ya cika alkawari, hannunsa bai taɓa ba. Hazo ya zo ya wuce. Amma a mako na biyu wani abu ruwan ƙasa-ƙasa ya fara bin gilashin yana hawa fararen duwatsu. Fes-Fes ya rame. Yana guga a ƙasa, hankalinsa na sama. In ya shiga falo sai ya bi ta gefe yana kallon bango. Daga ƙarshe dabara ta faɗo masa: abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta ƙyamarsa. Ya ɗauko farin zanen gado da ya sha sitati, ya lulluɓe akwatin ruf, ya sauka shago yana fito.

Bai lura gefen zanen ya faɗa cikin ruwa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shanya ya manta cewa yadi yana shan ruwa ta nan ya zubar ta can. Ranar matarsa ta wuni gidan Auta tana taya shi ɗaure kaya. Zanen ya yi ta tsotsa yana ɗiga, ruwan ya bi ƙafar tebur, ya bi tsagar daɓe, ya sami hanya. Da la'asar Fes-Fes na miƙa wa wani ma'aikacin banki kwat ɗinsa, yana cikin cewa "fes-fes", sai ɗigo ya sauka a kafaɗar kwat ɗin. Suka ɗaga kai tare. Rufin shagon ya yi ciki, yana zubar da hawaye a kan duk layin kayan da aka goge.

"Ruwan sama ake yi a gidanka?" in ji ma'aikacin.

"Sabon salo ne. Turara kaya muke yi."

Da ya hau sama, ruwan akwatin ya koma ƙasa da rabi, sauran ya yi kauri da sitati, injin yana ta kuka a bushe, soson ya ƙeƙashe. Mai Aski bai ma hau ba. Daga tsallaken titi ya ɗaga murya, "Na ji an sake rashi! Wannan karon ƙishirwa ce ko?"

Saura mako uku. Matar Fes-Fes ta karɓi ragamar aikin. Ta sake cika akwatin da hannunta, ta kulle falon, ta ɗauke makulli. Kullum da safe ita ke shiga ta zuba abinci, ta ɗebo ruwa a 'yar kwalba, su yi gwaji a kicin. Bayan kwana goma sha biyu kwalbar ta yi shunayya. Mai Kifi ta ce madalla, an kama hanya, saura haƙuri.

Haƙurin ne babu. Kwana biyu shunayya, kwana huɗu shunayya, kwana shida shunayya. Fes-Fes kuwa ya riga ya shelanta wa duk layin cewa ranar Asabar za a yi taron tarewar Kawu, har ya ari kujeru. Ranar Laraba yana lalube aljihunan kayan wanki, kamar yadda ya saba kafin ya jiƙa, sai ya ji ƙarfe a aljihun rigar matarsa. Makullin falo ne. Ya tsaya yana dubansa, ya juya ya dubi kantar da yake ajiye bula, shuɗin garin nan da ake sa wa fararen kaya su yi haske.

"Shuɗi ake nema?" ya ce wa kansa. "To ai shuɗi sana'ata ce."

Cokali ɗaya ya yi niyya. Ya ga bai kama ba, ya ƙara. Ya ga gefe ɗaya ya fi duhu, ya zura hannu har gwiwa ya gauraya. Ruwa ya yi shuɗi, duwatsu suka yi shuɗi, hannunsa ya yi shuɗi. Ya ɗebi ruwan a kwalba ya kira matarsa, suka nufi shagon Mai Kifi, yana tafe hannu ɗaya a cikin aljihu.

"Baba, ga shi. Ya dawo da kansa."

Mai Kifi ta ɗaga kwalbar ta duba a haske. "Ka sa ɗigon gwajin kuwa?"

"Bai ma buƙata ba."

"Fito da hannunka."

"Sanyi nake ji."

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Fito da shi."

Ya fito da shi. Matarsa ta dubi hannun, ta nemi kujera ta zauna. Kwana uku suka rage, kuma an koma ranar farko.

"Kada ki yi kuka, 'yata, akwai hanya ɗaya," in ji Mai Kifi. "Ku zubar da wannan ruwan, ku ɗauraye akwatin da ruwa zalla har sai shuɗin ya fita, ku sake cikawa. Ranar Asabar Auta ya zo da soson da ke cikin injin Inna, a jiƙe cikin ruwansa. Shekara goma sha ɗaya halittun nan suna ciki. A sa shi a sabon injin yadda yake, da dattinsa da komai. Shi zai riƙe Kawu."

Da Fes-Fes ya saurara, da labarin ya ƙare a nan. Amma ya hango wani tabo a labulen shagon, yana can yana kankare shi da farce yana tsaki. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne "soson Inna" da "sabon injin".

Ranar Asabar da hantsi babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, kayan Auta a ɗaure a baya. Auta ya hau da bokiti, Kawu na ciki yana zagaye yana turo baki, da wata leda ɗaure mai ruwa baƙi-baƙi da wani abu a ciki kamar hantar da ta kwana. Ya ajiye ledar a kan tebur.

"Yallaɓai injiniyan ruwa," ya ce wa mijin yayarsa, "na ji labarin duk jana'izar da aka yi. Direba ya ce ƙarfe biyu za mu ɗaga, ko da Kawu ko babu shi."

"Kai dai ka shirya ban kwana, yaro. Kawu ya zo gida."

Matar ta ce za su je da Auta su ɗauko Mai Kifi a tasi, saboda gwiwarta, don a sa soson a gabanta. A bakin ƙofa ta juyo. "Malam, kada ka taɓa komai."

Suna fita baƙi suka fara hawowa. Kafin a jima falo ya cika, kusan mutum ashirin a kan kujerun aro. Fes-Fes ya sa rigarsa mafi fari, wadda ba ya sawa sai ranar da ta isa. Mai Aski ya zagaya ya gaida Kawu, sannan idonsa ya faɗa kan ledar.

"Wannan fa? Abincin baƙi ne?"

"Soson surukata ne, marigayiya."

Mai Aski ya toshe hanci ya girgiza kai. "Allah sarki Inna. Tana da suruki mai wanki, amma dubi abin da ta bari."

Aka yi dariya. Fes-Fes ya ji kunnuwansa sun yi zafi. An ce kada ya wanke sosonsa, ya ji. Amma wa ya ce kada ya wanke na Inna? Kuma a bar kayan baiwar Allah haka a gaban jama'a, ai cin mutunci ne. Ya ɗauki ledar da yatsa biyu ya ce, "Ku ba ni minti goma."

Ya sauka shago ya yi aikin da ya fi kowa iyawa. Ruwan zafi, garin sabulu, bilic, a matse, a sake. Ruwan farko ya fita baƙi, na biyu ruwan ƙasa, a na uku sai ga soson ya fito fari tas. Har ƙwalla ta zo masa don daɗi, yana tunanin yadda matarsa za ta yi murna. Ya ji baƙi suna kiransa, sai ya bar ɗauraya, ya hau da gudu, ya cusa soson cikin inji.

"Jama'a," ya ce, hannu ɗaya a ƙirji, "an ce mako shida. An ce ba zan iya ba. Wasu har ta'aziyya suka zo mini. Yau ga ranarku." Ya kunna.

Da farko 'yar kumfa ce ta taru a sama, aka yi tafi. Sai ta yi tudu. Sai ta ɗaga murfin akwatin ta leƙo. Ta gangaro kan tebur, ta sauko ƙasa, ta nufi layin kujerun gaba ba tare da gaggawa ba.

"Fes-Fes," in ji Tela tana ɗage ƙafafu, "haka ake yi?"

"Wannan shi ake kira matakin ƙarshe. Halittun ne suke murna."

"Murnar ta kai mini gwiwa!"

Ya nufi makunnin zai kashe injin, amma kumfa ta rufe bangon, ya lalubo ya kunna fanka. Nan falo ya rikice. Kumfa ta tashi sama, ta sauka a kan huluna da ɗankwalaye, ta fita ta taga tana sauka a titi. Wani tsoho ya miƙe zai gudu, santsi ya kwashe shi, ya tafi zaune har bakin matakala yana ba mutane haƙuri. Fes-Fes, don ya nuna babu abin tsoro, ya sunkuya zai ɗauki bokitin Kawu.

"Bari in sa shi, ku ga yadda zai yi iyo!"

Mai Aski ya riga shi. Ya fizge bokitin, ya ɗora a ka, ya haye kujera. "Wallahi ka matso sai na aske maka gira! Tsokana daban, kisan kai daban!"

A haka matar Fes-Fes da Auta da Mai Kifi suka same su. Tun daga matakala kumfa ta tare su. Auta ya kutsa ya zare wayar injin daga bango, ya kashe fanka. Falo ya yi tsit, sai ƙarar kumfa tana fashewa a hankali.

Matar ta dubi teburin da aka bar ledar a kai. Ta zura hannu cikin injin ta zaro soson, fari fat, yana ƙamshin bilic.

"Na wanke miki shi," in ji Fes-Fes, muryarsa ta yi ƙasa. "Dubi yadda ya fito. Ashe fari ne."

Ta riƙe soson da hannu biyu tana kallonsa, hawaye na zuba. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. A waje direba ya danna ham.

Auta ya dubi agogo. "Yaya, ɗaya saura kwata. Ba zan sa shi a wannan ruwan ba, kuma bokiti ba gida ba ne. Sai dai in tafi da shi."

"Tsaya," in ji Mai Kifi. Ta zauna a kujerar da ta fi bushewa tana murza gwiwa. "Akwatin nan ya tashi aiki sai an yi kwanaki ana ɗauraya. A samo mini babbar roba wadda sabulu bai taɓa shiga ba. Auta, tsohon injin Inna yana cikin kayanka? Sauko da shi."

Aka bazu neman roba. Gidan mai wanki ne: baho, bokiti, tukunya, har kofin shan ruwa, babu abin da sabulu bai ratsa ba sau dubu. Tela ce ta tuna da sabuwar robar da take tara ƙyallaye, ta sauka ta juye su ta kawo, aka cika ta da ruwa, aka ɗiga maganin kashe kaifi.

"Saura soso mai rai," in ji Mai Kifi. "Akwai ɗaya a shagona, a akwatin manyan kifaye, ƙanwata tana can za ta ba da shi. Amma a jiƙe zai zo, kuma da sauri. In ya bushe a hanya, an yi aikin banza. Tasin da ya kawo mu ya tafi. Wa ke da ƙafa?"

Kafin kowa ya buɗe baki Fes-Fes ya kai matakala.

Layi shida ne tsakaninsu da shagon. Zuwa bai ba shi wuya ba. A dawowa ne, daidai kwanar layinsu, ledar da aka ɗaura masa ta fashe a gindi. Ya tsaya yana kallon ruwan yana tsiyaya, rana kuma tana dukan soson. Babu roba, babu kwano, babu lokaci. Sai ya tattaro gaban farar rigarsa, ya sa soson a ciki, ya juye sauran baƙin ruwan a kai, ya rungume a ƙirji, ya zuba da gudu.

Duk layin na waje, saboda kumfar da ta sauko titi ta tara mutane. Suka ga Fes-Fes, wanda ko ƙuda bai isa ya sauka a kafaɗarsa ba, yana tafe a guje, hula ta faɗi, takalmi ɗaya, baƙin ruwa mai ƙarni yana bin rigarsa daga wuya har gwiwa.

"Fes-Fes! Me ka ɗauko haka?"

"Datti!" ya amsa bai tsaya ba. "Ku ba ni hanya, datti ne, kada ya mutu!"

Ya hau benen yana haki, ya durƙusa gaban Mai Kifi ya buɗe rigar. Ta taɓa soson, ta shinshina, ta gyaɗa kai. Aka sa shi a tsohon injin Inna, aka kunna, ruwan robar ya fara motsi. Mai Aski ya sauke bokitin daga kansa, wuyansa ya sage. Mai Kifi ta yi ta ɗiban ruwan robar kaɗan-kaɗan tana zubawa a bokitin don Kawu ya saba, sannan ta sake shi a robar. Ya nutse ƙasa, ya tsaya cik. Kowa ya zuba masa ido. Can ya kaɗa jela, ya zagaya robar sau ɗaya, ya taso sama ya turo baki.

Direba ya sake danna ham. Auta ya tsuguna ya yi wa Kawu sallama, ya rungume yayarsa, ya sauka da bokitinsa babu komai a ciki. Baƙi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na riƙe da bango saboda santsi. Mai Aski kuwa ya dafa kafaɗar Fes-Fes a inda ta fi tsabta, ya wuce.

Aka bar su su biyu. Matar na zaune a ƙasa gaban robar, farin soson yana kan cinyarta.

"Hannun Inna ne ya fara sa soson nan a ruwa," ta ce, ba ta juyo ba. "Shekara goma sha ɗaya ba ta bar shi ya mutu ba."

Fes-Fes ya buɗe baki. Karon farko a rayuwarsa bai tarar da komai a ciki ba. Da ƙyar ya ce, "Me zan yi, uwargida?"

"Zauna nan kusa da ni. Ka sa hannuwanka a ƙarƙashin cinyarka."

Ya zauna a kan hannuwansa, suna kallon Kawu yana zagaye. Iska na shigowa ta taga, rigar ta fara bushewa a jikinsa. Duk garin babu wanda ya fi shi sanin cewa irin wannan tabon, in aka bar shi ya bushe a farin yadi, ya zauna ke nan har abada, kuma famfo da sabulu suna nan ƙasa, taku ashirin kacal. Bai tashi ba.